Wa Kake Rubuta Wa?

Shekara goma sha tara ina sauka ƙarƙashin gada
tun ladan bai gama gyaran murya ba,
in haska tocila jikin sandar awo
in ga inda ruwa ya kwana.
Mita biyu da ɗigo huɗu. In rubuta.
Gobe biyu da shida. In rubuta.
Na san kogin nan kamar yunwar cikina,
na san ranar da yake wasa, na san ranar da yake nufi.

Ƙarshen wata yaro ya zo a babur
ya cusa takardun a jaka, sai Dutse.
Daga nan ban san makwancinsu ba.
An ce akwai kabad, an ce akwai kwamfuta,
an ce mai makullin ya tafi kwas.

Bara, saura kwana tara a yanki shinkafa,
sanda ta nutse har wuyan jan fenti.
Na san can sama da ni, wajen Ringim,
akwai wani mai tocila irina,
shi ma yana duƙawa, shi ma yana rubutawa.
Da na ga nasa, da na san baƙon da ke tafe.
Amma lambarsa ta kama hanyarta, tawa ta kama tata,
suka haɗu a ofis guda
suka yi shiru tare.

Ruwa ya zo cikin dare, bai yi sallama ba.
Ya ɗauki kadada uku na Barau mai tumatir,
ya ɗauki rumbun da Hansatu ta cika da kuɗin adashi,
da awakin Ilu, har da mai cikin nan.
Da gari ya waye muna tsaye kan tudun makabarta,
rayayyu sun zo neman mafaka wurin matattu,
Hansatu ta dube ni, ko murya ba ta ɗaga ba:
"Haladu, kai da ke rubuta ruwa kullum,
wa kake rubuta wa?"

Na sa babbar riga na tafi birni.
Na ce a nuna mini na shekarun baya,
in ga ko kogin na da al'ada.
Akawu ya ce, "Bayanan gwamnati ne, Baba,
sai ka rubuto takarda, sai an sa hannu a sama."
Na ce, "Ɗana, rubutun hannuna ne."
Ya ce ya sani. Ya ba ni ruwan leda.

To, ni ban ce a kwance komai a kasuwa ba.
Sunan mai jinya ya zauna a aljihun likita,
bashin gwauruwa kada ya hau allo.
Wannan sutura ce, a bar ta.
Amma tsayin kogi asirin wa?
Buhun taki nawa aka turo mazaɓarmu,
rijiya nawa aka biya, nawa aka haƙa?
Harajin da Barau ya biya a kasuwar Auyo
shi ya sayi biron, shi ya sayi sandar.
Mai hatsi ne ke roƙon a buɗe masa rumbunsa.

A rubuta doka, in doka ake jira,
ta faɗi abin rufewa, sauran duk a shanya a rana,
cikin harshen da Hansatu ke ji,
kuma kafin ruwa, ba bayan an gama jaje ba.

Kafin nan, na sayi alli.
Na nemo lambar mutumin Ringim, ashe Sabi'u sunansa,
muryarsa duk tsufa, kamar tawa.
Kullum bayan asuba sai ya kira,
Kubura 'yata ta rubuta a bangon shagon caji:
nasa a sama, nawa a ƙasa.
Masu tafiya fadama kan tsaya da fartanya a kafaɗa,
wanda ya iya ya karanta wa wanda bai iya ba.

Yau biyu da ɗigo ɗaya.
Hansatu ta wuce da ƙwarya, ta duba,
ba ta ce mini komai ba.